Mai Keke Biyu: Yawon Yini Guda A Kewayen Maraɗi

A garin Maraɗi, in aka ga magidanci mai furfura a gemu bisa keke, magana biyu ake yi. Waɗansu su ce ya karye, jari ya ƙare, ya sayar da babur. Waɗansu su ce a bar shi, kansa ne ba daidai ba. Ba mai cewa so ne ya sa ya hau. Keke ya zama na ƴan lakwal, da masu kai burodi kanti-kanti, da mutumin ƙauye mai kawo itace ko ciyawa kasuwa. Wanda Allah ya buɗa wa ko yaya, sai babur.

Da can ba haka abin yake ba, tsofaffi sun sani. Zamanin da gujiya take da daraja, kafin babban farin 1973, manomi in ya kai gujiyarsa ma'auni da kaka ya karɓi kuɗi, abu uku ne a ransa: aure, rediyo da keke. Ana kawo Raleigh daga Kano, ana kawo Peugeot daga Faransa, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa. Mai keke yakan yi masa ado kamar doki, madubi biyu, ƙararrawa, da rigar sirdi mai geza. Malamin gona da keke yake zagaya ƙauyuka, haka malamin yaƙi da jahilci. Bayan shekara ta 2000 ne babura masu araha suka shigo daga Sin, kabu-kabu suka yawaita, daga baya adaidaita ta biyo. Ga kuma man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya, ana sayarwa cikin kwalabe a kowace kusurwa, ya fi na gidan mai sauƙi. Wa zai wahalar da ƙafarsa? Sai kekuna suka koma bayan ɗaki, kaji suna kwana bisansu.

Ran 29 ga Mayu 2023, sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ce gwamnatinsa ta daina biyan tallafin mai. Cikin ƴan kwanaki kuɗin lita ya kusa ninka uku a can, kwalbar ruwa-ruwa ta tashi a nan. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli kuma, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Maraɗi garin kasuwa ne, da iyaka yake numfashi. Ciniki ya tsaya cik.

Cikin waɗanda abin ya taɓa akwai wani tela a unguwar Bagalam, mai shekara 44, da mata ɗaya da ƴaƴa shida. Wanda bai samu na hatsi ba, ba ya ɗinka sabuwar riga. Telan ya yini zaune a shago, keken ɗinki shiru. Ga ciwon kai da ya dame shi. Da ya je likita aka auna, aka ce hawan jini ne. Aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Ya ce da likita: "Ranka ya daɗe, ni da nake taka keke tun safe har dare?" Likita ya yi dariya ya ce: "Malam, wancan keken ba ya fidda gumi. Nemi ɗayan."

Ɗayan yana nan rataye a zaure, Phoenix baƙi na marigayi mahaifinsa. Shekara kusan 20 rabon telan da shi. Ya sauko da shi, ya kai wa wani tsohon bakanike a bakin kasuwa. Aka sa taya biyu sababbi da robobin ciki, aka wanke sarƙa da kananzir, aka ɗaure birki. Abin da ya kashe bai kai kuɗin man da babur yake sha masa cikin wata guda ba. Babur ɗin bai sayar ba, ya dai lulluɓe shi da tsohon zane. Tun daga nan ƴan unguwa suka sa masa suna Mai Keke Biyu.

Ƙafa ba ta manta keke, amma sauran jiki yana mantawa. Kwana uku na farko cinyoyi suka yi tsami, zama ya gagara, numfashi kamar na wanda ya yi dambe. Yara suna binsa suna cewa: "Baba, ina babur?" Abokan hira a bakin shago suka ce to, tela ya koma lakwal. Bai kula su ba. Cikin mako biyu tsamin ya wuce.

Fitarsa gari ta farko ba shiri aka yi ba. Da kakar 2023 ne, wata safiya bayan sallar asuba, ya kai wa wani mutum riga a kudancin gari. Ya ba da riga, ya juyo da keke, sai ya ga hanya miƙe gabansa, iska mai sanyi, ba aikin da yake jiransa a shago. Ya ce bari ya ɗan taɓa. Bai farga ba sai ga shi a Tarna.

Kowa a Maraɗi ya san sunan Tarna, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su duba. Nan ne gidan binciken noma yake tun zamanin Turawa, yanzu yana hannun INRAN, ma'aikatar da aka kafa a 1975. Manoman da suke shuka irin hatsin nan mai suna CIVT, su sani harafin T na ƙarshe Tarna ke nan, don a nan aka haɗa irin. Telan ya jingina keke a gindin bedi, ya tsaya yana kallon gonakin gwaji, kowace da ɗan allonta. Daga nan ya gangara fadama. Ruwan gulbi ya janye, masu garka sun fara haƙa da shinge, shanu suna kiwo cikin karan dawa. Ya sayi rake guda, ya zauna ya sha. Kafin hantsi ya dawo shago. Duka tafiyar ba ta kai sa'a uku ba, ko dala bai kashe a mai ba. Da dare ya ce da matarsa, shekararsa 44 a garin nan, bai taɓa ganin Maraɗi daga ƙasa ba, daga inda tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta kore shi zuwa tudu.

Tun ranar ya kama wata al'ada. Ba ya sa rana. In ya tashi da asuba ya ga aiki ba yawa, sararin sama garau, jiki da ƙarfi, sai ya cika gora da ruwa ya fita. Sau ɗaya a mako, wani lokaci sau biyu. Litinin da Juma'a ne kaɗai ba ya motsawa, don ranakun babbar kasuwa ne, mutanen ƙauye suna kawo ɗinki. Da fari matarsa takan ce: "Malam, yau kuma ina?" Shi kuwa ya ce: "Inda iska ta nufa." Ba ta yarda da wannan amsa ba, kuma tana da gaskiya. Ta ce ba za ta hana shi ba, amma sai ya faɗi hanyar da ya bi, gabas ko yamma, kuma magariba ta same shi a gida. A kan haka suka shirya.

Tafiya ta biyu Tsibiri ya nufa. In mutum ya fita ta arewacin gari ya kama babbar hanyar da take zuwa Ƙonni da Yamai, bai fi kilomita 12 ba. Mai keke da ba ya gaggawa yana yin kilomita 12 zuwa 15 cikin sa'a guda a kan kwalta, ke nan sa'a ɗaya ta ishe shi. Hanyar tana da kyau amma tana da haɗari. Manyan motoci masu kaya ba su san da mai keke ba. In ka ji ƙahonsu daga baya, sauka gefe ka ba su wuri, ba a jayayya da su.

Tsibiri garin Gobirawa ne. Bayan jihadi, da Alƙalawa ta faɗi a 1808, sarakunan Gobir sun daɗe ba su da mazauni tsayayye. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasu a fagen fama. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya zauna Tsibiri, kusa da Katsinawan da Ɗan Kasawa ya kawo Maraɗi wajen 1819. Garuruwan biyu tare suka yi yaƙi, tare kuma ruwan 1945 ya ci su, kowanne ya hau tudu. A 2010 gwamnati ta ɗaga sarautun biyu zuwa matsayin sultan. Har yau akwai Innar Gobir a fada, mace mai sarauta wadda maganarta take da nauyi. Mai keke yana iya zagaya garin a hankali, ya tsaya ƙofar fada ya ga dogarai da jajayen rigunansu, ba wanda zai ce masa ya matsa.

Amma ba fada ce ta kai telan ba. Yana da gwaggo a Tsibiri, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa da idonta ya fara rauni. Lokacin da yake hawa babur, minti 15 ne tsakaninsu, amma sai ya shekara bai je ba, in ba rasuwa aka yi ba. In ya je ma, a tsaye yake gaisuwa, makulli a hannu. Abin mamaki ne amma haka yake ga mutane da yawa: wurin da kake iya zuwa ko yaushe, shi ne ba ka zuwa.

Da ya yi sallama ya shigo da keke cikin gida, tsohuwa ta shafa sirdin ta gane shi. Ta ce: "Wannan ai keken yayana ne." Ta yi shiru. Can ta jawo shi kusa ta rage murya: "Ɗan nan, faɗa mini gaskiya. Bashi ne? Me ya ci babur ɗin?" Ya ce: "Gwaggo, babur yana nan lafiya, ni ne nake son keken." Ba ta yarda ba. Ta kwance bakin zanenta za ta ba shi ƴan kuɗin da take ɓoyo. Da ƙyar ya lallashe ta ta mayar.

Wanda ya zo da keke ba ya gaisuwar tsaye. Ya yi gumi, dole ya zauna, dole a dama masa fura. Rana ta take, dole ya jira ta yi sanyi. Telan ya yini a gidan har la'asar. A wannan yini ya ji sunan kakannin da bai taɓa ji ba, ya ji yadda aka raba gonar gidansu da wanda ya riƙe ta, ya ji kuma cewa da wannan keken mahaifinsa ya je neman auren mahaifiyarsa a Gabi. Tun daga ranar, wata ba ya ƙarewa bai je Tsibiri ba.

A kan hanyar komowa ya bar kwalta ya bi turbar gonaki. Nan ya ga abin da mai babur ba ya gani, don idon mai babur yana kan rami da akuya. Gonaki cike suke da itatuwa: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Wanda ya san ƙasar nan bayan yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, ya san fili ne fetal, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Da, manomi yakan sassabe gona ƙaf ya ƙone. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da yake aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da suke cikin gonaki ba su mutu ba, suna tohowa kowace shekara ana sarewa. In aka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, itace yana tashi da sauri, don saiwarsa tana nan tun da. Wannan shi ne sassaben zamani. Manoma suka karɓa, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka a kudancin Nijar, da itace wajen miliyan 200. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. A gindin wani gawo telan ya yi sallar la'asar ta biyu da wani manomi mai ɗaure kara, suka yi hira kamar sun san juna.

Turbar gonaki tana da nata haraji. Inda rairayi ya yi zurfi, keke ba ya tafiya, sai a sauka a tura. Ga tsidau, ƙaramar ƙaya mai kaifi da take kwance a ƙasa tana jiran taya. Ranar sau biyu ta huda shi.

Jiratawa tana kudu, ita ma ba ta fi tafiyar sa'a guda ba. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta gyara fili wajen hekta 500 a can don noman rani, da rijiyoyi masu zurfi da injuna masu jawo ruwa, ƙarƙashin kulawar ONAHA da ƙungiyoyin manoma. Wanda ya iso da watan Janairu, bayan ya ratso busassun gonaki, sai ya ga kore har iyakar ganinsa: albasa, tumatir, tattasai, masara, da zogale jere-jere. Zogalen Jiratawa ya yi suna, ana cika buhuna ana kaiwa har Yamai. Mata suna zaune a inuwa suna tsige ganye. Telan ya gaida wani mai garka: "Sannu da aiki, Baba." Tsoho ya ɗaga kai ya dubi keken, ya ce: "Daga birni da wannan? Kai ko, zo ka sha ruwa." Ya sayi zogale da tumatir a bakin garka, ya ɗaure a bayan keke. Ranar matarsa ba ta yi ƙorafi ba. Manoman sun gaya masa damuwarsu ita ce wuta: in ta ɗauke injin ya tsaya, in ta zo kuɗinta ya yi nauyi. Kusa da nan, a kan hanyar Ɗan Isa, akwai Danja, inda asibitin masu cutar kuturta yake tun zamanin Turawa, aka kuma buɗe wurin aikin yoyon fitsari na mata a 2012. Ya wuce ta ƙofar, bai shiga ba.

Babbar tafiyarsa ita ce ta Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi. Ita ma ba da niyya ya fita ba. Jiratawa ya ce da matarsa. Amma ranar keke yana gudu kamar ana tura shi, ƙafa ba ta jin nauyi, ya ce ashe ƙarfi ya samu. Ya zarce. Kafin ƙarfe 10 yana bakin tabki.

Tabkin Madarunfa shi ne ruwa mafi girma a jihar Maraɗi da ba ya ƙafewa. Da damina yana cika ya bazu cikin itatuwa, da rani ya ja baya ya bar laka mai albarka, mutane su bi shi da shuka. Ɗan Maraɗi da ya saba da ruwan famfo da na kwata, in ya tsaya nan sai ya rasa abin faɗi. Ruwa shimfiɗe, kukoki manya tsaye a gefe, masunta cikin jiragen katako suna jefa taru. Balbela fari fat bisa bayan shanu, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya suna tashi garke-garke suna kuka. Da sanyi akwai tsuntsayen da suke zuwa daga Turai su yi watanni su koma. Mata suna soya karfasa da tarwaɗa a bakin ruwa. Telan ya sayi kifi mai zafi da yaji, ya cire takalmi, ya sa ƙafa cikin ruwa kamar yaro.

Kewaye da tabkin akwai kaburburan da ake cewa na waliyyai 99 ne. Ba gini ne mai tsawo ba, wurare ne da aka kewaye, waɗansu dogaye ƙwarai. Mutane suna zuwa ziyara daga nesa, har daga Najeriya. Mutanen wurin suna cewa a daren Juma'a akan ga haske yana tashi daga wajensu. Malamai sun saɓa a kan ziyarar, kowa da hujjarsa, wannan ba wurin raba gardamar ba ne. A 2006 Nijar ta sa tabkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gadon duniya. Wani dattijo mai gyaran taru ya ce da telan ruwa ya ragu bisa ga da. Yashi yana cike tabkin, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya wajen 1990, Gulbin Maraɗi ba ya kawo ruwa kamar yadda ya saba. Wannan gulbi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo Nijar ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Ba ya neman izinin kowa a iyaka, amma madatsa ta iya tsare shi.

Daɗin wuri ya sa telan bai tashi ba sai bayan la'asar. Da ya juyo arewa ne ya gane wanda ya tura shi da safe. Iskar hunturu ce, mai busowa daga arewa maso gabas. Da safe tana bayansa, yanzu tana ƙirjinsa, da ƙura. Tafiyar da ya yi cikin sa'a biyu ta koma kusan huɗu. Ruwan gora ya ƙare. Taya ta sace a tsakiyar hanya, ya zauna yana faci rana tana faɗuwa. Keken ba fitila. Wayarsa ba caji. Ya shigo gari bayan isha'i, yana tura keke a gefen hanya don kada mota ta kwashe shi.

Ya tarar da ƙofar gidansa cike da mutane. Matarsa ta aika Jiratawa an ce an ga wucewarsa kudu tun da safe. Ƙanensa ya riga ya tada babur za shi wurin jandarma. Babban ɗansa yana kuka. Ba wanda ya yi masa dariya ranar, faɗa aka yi masa, limamin unguwa ma ya sa baki. Ya ce: "Malam, kai ba yaro ba ne. Ka san abin da ake ciki a kudu."

Kowa ya sani. Shekaru ke nan ƴan bindiga masu satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suna ɓarna a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A 2019 dubban mutane suka gudo daga can suka shigo jihar Maraɗi, mafi yawa wajen Gidan Runji. Ɓarnar ta tsallako iyaka, ta taɓa ƙauyukan gundumar Madarunfa da suke kusa da dajin Baban Rafi, wajen Gabi da Safo da Sarkin Yamma. Sojoji suna sintiri, amma daji da faɗi. Iyalin da mutuminsu bai dawo da magariba ba, ba faci ne yake fara zuwa ransu ba.

Tun daga wannan dare telan ya gyara tafiyarsa, kuma wanda yake son bin sawunsa ya kamata ya ji. Yana fita da iska a gaba, don ta turo shi gida in ya gaji: da hunturu gabas ko arewa, da damina kudu ko yamma. In ya nufi kudu da hunturu, azahar tana yi yake juyowa. Cikin jakar da ya ɗinka wa keken akwai famfo, faci da ruwansa, ƙarfe biyu na cire taya, katin shaida, dabino da ƙuli-ƙuli. Gorar ruwa biyu, ba ɗaya ba. Ya sa fitila gaba, ya manna jan kyalle mai ƙyalli a baya. Kafin ya bar kwalta yana tambayar masu shayi da direbobin tasha labarin hanya, don su suke fara ji. In aka ce kada a bi, ba ya bi. Inda ya ce da matarsa za shi, nan yake tsayawa. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce awo 40, ba ya nisa, ƙarfe 9 yana shago. Da azumi keken yana hutawa.

Maganin hawan jini bai bari ba, don likita bai ce ya bari ba. Amma awo ya sauka, ciwon kai ya tafi, tumbi ya ragu har ya rage wa wandunansa ƙugu da hannunsa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Zuwa Tsibiri da komowa, da ɗan zagayen gari, sun biya wannan.

Saura maganar kunya. Ita ce ta fi rairayi da tsidau tsare mutane. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ma'aikaci da ɗan kasuwa da mace mai goyo duk suna hawa keke, ba mai waiwayensu, har ƙasar tana da tseren keke da ake yi tun 1987. A nan kuwa mutum ya gwammace ya ci bashin mai da a gan shi yana taka feda. Mata ma ba a magana: yarinya tana hawa zuwa lakwal, ranar da aka ɗaura mata aure ta sauka ke nan. Wannan ba addini ba ne, ba kuma lafiya ba ce, ganin ido ne kawai.

An buɗe iyaka a 2024, ɗinki ya dawo, telan ya kwance wa babur zane don kai yara asibiti da ɗaukar kaya masu nauyi. Waɗanda suka ce talauci ne suka zuba ido su ga ya mai da keke zaure. Bai mayar ba. A watan Maris 2025, da mai ya yi wuya a ƙasa duka, babura suka yi dogon layi a gidajen mai tun asuba, ya wuce su da ƙararrawa. Cikin makon mutum uku suka zo tambayarsa inda bakanikensa yake. Biyu sun koma babur da mai ya samu. Na ukun, wani mushen lakwal da ya kusa ritaya, ya zama abokin tafiyarsa. Ba su sa rana su ma. Wanda ya riga tashi ya buga wa ɗaya ƙararrawa a ƙofar gida, in ya fito su tafi, in bai fito ba a tafi a bar shi.

Sun je Sumarana cikin garake. Sun bi hanyar Zinder wajen Cadawa, suka ga ta fi ƙarfin yini guda ga masu shekarunsu, suka juyo daga rabi. Bayan ruwan daminar 2024, wanda ya rushe gidaje da yawa a Maraɗi, sun bi bakin gulbi sun ga inda ya ci gonaki ya canza hanya. Sun koma Madarunfa sau biyu, da sassafe, suka juyo da azahar.

Gabi ce ba su je ba. Can dangin mahaifiyar telan suke, can keken ya taɓa zuwa neman aure shekara 50 da suka wuce. Duk ranar kasuwa, in mutanen wajen suka kawo ɗinki, yana tambayarsu hanya. Har yanzu amsar ɗaya ce: "Tela, dakata tukuna."